Bindigar da Aka Ce In Yanka

Aikina sassaƙa ƙarfe. A Jidda ana kiran injin da nake tsayawa a kansa makharaɗa: ka ɗaure ƙarfe ya yi ta juyawa, kai kuma ka riƙa cin sa da wuƙar injin har ya zama abin da ake so. Tun da na baro Damagaram da sauran ƙuruciyata nake warsha ɗaya, wato wurin gyara, a unguwar Masana'antu, ƙarƙashin kafili ɗaya, ubangidan da takardar zamana ke hannunsa, ina gyara wa manyan motoci da injinan ruwa abin da ya karye. Ban taɓa sha'awar bindiga ba. Ko a gida, idan maharba suka wuce, ni ne yaron da ke toshe kunne tun ba a harba ba.

Kafilina tsoho ne, haifaffen Jidda, gajere, ga faɗa ga kirki, kuma ba ka sanin wanda zai fara fitowa. Ammi nake ce masa, wato baffana, shi kuma yana ce mini ya waladi, wato ɗana, har bayan furfura ta cika mini gemu. Shi ya tsaya a asibiti ranar da matata ta haihu. Kowace shekara idan iƙamarmu ta kusa ƙarewa, wato takardar zamanmu ni da matata da 'yarmu, sai ya kira ni ofis, ya zuba mini gahawa da hannunsa, ya sabunta ta a kwamfuta ina kallo, sannan ya ce halas, shi ke nan, kun ƙara shekara. Da wannan kofin gahawar nake auna zamana a ƙasar.

A shekarar da nake ba da labari, 'yarmu tana ajin ƙarshe a sakandare. A Jidda aka haife ta, ba ta taɓa taka Nijar ba. Ka yi mata Hausa ta ji tsaf, ta ba ka amsa da Larabci. Idan takardata ta mutu, tata ta mutu, kuma karatun da ta kwashe shekaru tana yi zai tsaya saura kaɗan. Wannan shi ne abin da ke kaina, ba wani abu ba.

Ammi yana da cuta guda, farauta. Duk sanyi sai ya bi abokansa wata ƙasa mai nisa su yi ta bin barewa, ya dawo baƙi wuluk yana ba da labarin da rabinsa ƙari ne. Harbin shekaru ya cinye masa kunnen hagu, na dama ma ya fara tafiya. Likita ya ce ko ya bar bindiga ko ya rage mata ƙara. Barin bindiga ba ya cikin lissafin Ammi. Sai ya ce zai sayi sabuwa wadda za a ɗaura wa katim, wani bututu da ake murɗawa a bakin bindiga ya shanye ƙarar. Ya ce a ƙasar da yake zuwa halal ne, can zai saye shi, can zai bar shi. Abin da yake nema a nan ita ce bindigar da za ta karɓe shi.

Wata safiya ya tsaya a kaina ina aiki, ya ce in ɗauko ma'aunina in shiga mota. Na ɗauka wani inji za mu duba. Sai da muka tsaya a ƙofar shagon kayan farauta, irin mai izinin hukuma, na ga bindigogi jere a bango, sannan na gane ba inji ba ne. Ni baƙo ne. Ban san dokar bindiga dalla-dalla ba, kuma ban taɓa neman sani ba, amma na san abin da kowane mai iƙama ya sani: ɗan ƙasa da takardarsa yana iya riƙe ta, kai kuwa idan aka haɗa sunanka da ita, sai dai iyalinka su ji labari. Na shiga na goya hannuwana a baya, na tsaya ina ƙirga kyamarorin da ke kallona.

Ammi kuwa ya samu abin da yake so. Ya fara yi wa mai shago bayani da ƙarfi, yadda kurame ke magana. Mai sakata yake so, wadda bayan kowane harbi kai ne za ka ja da hannu ka fitar da kwanso ka tura sabon harsashi, domin ba ta da tarkacen da ke ƙara kansu, kuma ba ta cika gardama ba. Gajera yake so, domin katim zai ƙara mata kusan taki guda, kuma shi ba zai riƙa fitowa daga mota da sandar raƙumi ba. Kada ta yi nauyi, kafaɗarsa ta tsufa, amma kada ta yi sakayau har ta riƙa naushinsa. Sannan dole bakinta ya kasance da haƙora irin na noti, inda za a murɗa katim ɗin.

Mai shago ya sauko da guda biyu ya ajiye a kan tebur. Ta farko baƙa ce, gajera, gindinta na roba, ba kyan gani ko kaɗan. Ya warware wata 'yar hula a bakinta, sai ga haƙora an yanko su tun daga kamfani, sumul. Duk abin da Ammi ya lissafa yana jikinta. Ta biyu doguwa ce, gindinta katako mai ruwan zuma da zane a mariƙa, bakinta kuwa santsi, ba haƙori ko ɗaya. Na ga yadda Ammi ya kalle ta na san mun shiga uku. Ya ɗauke ta ya shafa, ya kai kafaɗa, ya ce irin ta mahaifinsa ce sak, har ƙamshin man.

A nan na gane dalilin kawo ni. Ya ce in auna kaurin bakinta, ko akwai naman da za a yanka haƙora idan an rage tsawon. Na auna tana kwance a kan tebur, da yatsa biyu, kamar mai taɓa tukunyar da ke kan wuta. Akwai nama. Na so in ce babu, amma mai shago yana kallon ma'aunin tare da ni.

Ban taɓa yabon wani abu a duniya yadda na yabi baƙar bindigar nan ba. Na ce roba ba ta jin zafi ba ta jin raɓa, katako kuwa yana kumbura. Na ce haƙoran kamfani sun fi na kowane hannu daidaito, kuma idan haƙori ya karkace ko da ƙanƙani, harsashi zai iya dukan katim a hanyarsa ta fita. Na ce wadda aka haifa gajera ta fi wadda aka guntule. Duk gaskiya na faɗa, amma ba gaskiyar ce ta sa ni faɗa ba, tsoro ne. Mai shago ya goyi bayana, ya ƙara da cewa idan doguwar ake so a gyara, sai an bi ta hannun masu izini, kuma zai ɗauki watanni.

Ammi ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Watanni? Ga wannan a gidana? Ya waladi, za ka rage ta, ka yanka mata haƙora. Aikin yini ɗaya ne a wurinka."

Na ce, "In sha Allahu, Ammi."

Me zan ce? A inda na tashi ba a duban idon babba a ce masa a'a, balle wanda ka ci abincinsa shekara da shekaru. Aka cika takardu a kan doguwar, aka ce sai izini ya fito zai zo ya ɗauka. Iƙamarmu kuma saura 'yan makonni.

Daga ranar na rasa sukuni. Ina tsaye a kan makharaɗa sai in riƙa ganin bututun bindigar nan yana juyawa a cikinta, ƙofar warsha a buɗe, motar 'yan sanda tana tsayawa. Warsharmu ba ta da sirri. Direbobi suna shiga suna fita, kowa da waya a hannu, kuma masu duba takardu sukan faɗo ba sallama. Idan na yi, aka kama ni, Ammi zai biya tara ya sha faɗa, ni kuwa kurkuku sannan jirgi. Idan na ƙi, Ammi mai zuciya ne, ya ɗauke hannunsa daga kwamfutar nan kawai ya isa. Har na lalata wani ƙarfen famfo da na yi irinsa ba adadi, saboda hankalina ba ya wurin.

Matata ce ta tsare ni. A unguwar Sa'alaba muke zaune, a wani tsohon gida mai hawa biyu, kuma ɗakin bai kai girman da mutum zai ɓoye damuwa ba. Da na gaya mata, sai ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Ta ce in je in faɗa masa ba zan iya ba. Na ce ita ta je, tun da bakin nata ya fi nawa kaifi. Muna cikin haka 'yarmu ta fito da littafi a hannu ta ce, "Baba, esh fi? Lafiya?" Na ce ciwon kai ne. Ta kawo mini magani da ruwa ta koma karatunta, ni kuma na ji kamar in fashe da kuka.

Sai na yi abin da duk ɗan gidanmu zai yi. Idan magana ta fi ƙarfin bakinka a gaban babba, babba kake nema ya kai maka ita. Akwai wani dattijo a unguwar Ammariyya, mutumin Maraɗi, mai sayar da turare da tasbaha, wanda ya riga kowa a cikinmu zuwa Jidda. Shi ke sasanta ma'aurata, shi ke tsayawa idan an yi mutuwa, Larabcinsa kuma ya fi na wasu Larabawan. Na same shi a shagonsa bayan la'asar, na durƙusa, na zayyana masa komai da murya ƙasa-ƙasa. Na roƙe shi ya samu Ammi shi kaɗai, ya lallashe shi. Ya shafa gemu ya ce in kwantar da hankalina, an gama. Na fito ina jin kamar an sauke mini buhu.

Abin da na manta, kuma bai kamata ɗan Damagaram ya manta ba, shi ne dattijo ba ya zuwa roƙo shi kaɗai. Roƙon mutum ɗaya ba shi da nauyi. Ya ɗauki wasu manya biyu, suka sha manyan riguna, suka zaɓi ranar da ta fi daraja, Juma'a bayan an sauko. Suka tarar da falon Ammi cike da surukansa da abokan farautarsa ana shirin cin abinci. Aka karɓe su da mutunci, aka zuba musu gahawa. Dattijo ya fara jawabi a hankali yadda ya dace, Ammi ya kama kunne ya ce bai ji ba. Dattijo ya ɗaga murya, Ammi ya ce a ƙara. Haka dattijon nan ya tsaya a tsakiyar falo yana kwarara cewa sun zo roƙon a yafe wa ɗansu aikin yanka bindiga a warsha, domin yaron yana tsoron hukuma.

Dattijon da kansa ya ba ni labari, yana murna. Ya ce Ammi bai ce komai ba, kuma shirun babba alheri ne. Ni da na san Ammi, da na ji an ce ya yi shiru sai na san aiki ya ɓaci. Mutumin da ke zagin ƙusa idan ta lanƙwashe, ranar da ya yi shiru ba lafiya ba.

Ba a nan ta tsaya ba. Manya biyun nan suna da mata, matan suna da maƙwabta. Kafin mako ya zagayo, labarin ya bi lungunan Ammariyya ya iso Sa'alaba, kuma a hanya ya canza kaya. Ba a cewa an sa ni na ƙi. Cewa ake akwai wani Bahaushe a Masana'antu mai gyaran bindiga. A masallaci na ga mutane suna matsawa idan na shiga sahu. Mai shagon unguwarmu ya ba ni burodi yana kallon titi.

Wata rana da hantsi wani dogon mutum da ban taɓa gani ba ya shigo warsha ya wuce kowa ya tsaya a gefena. Hausarsa ta mutanen Chadi ce. Ya gaishe ni, ya sunkuyo ya ce an ce ina taɓa irin kayan nan, yana da wata da ke cijewa. Har yau ban san ko mai buƙata ne ko aiko shi aka yi a gwada ni ba. Na kashe injin domin kada in yanke yatsa. Na rantse masa da Allah ban taɓa ba, ba zan taɓa ba, na kuma faɗa da ƙarfi yadda duk wanda ke naɗar magana zai samu. Ya kalle ni ya fita.

Duk wannan lokacin Ammi yana zuwa ofis yana fita, bai dubi inda nake ba. Ranar ƙarewar iƙama tana matsowa. Matata ta fara ware kayan da za a iya ɗauka daga waɗanda za a bari, tana yi idan yarinyar ta tafi makaranta.

Ranar da ya kira ni, ba ofis ya kira ni ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce yalla, mota. Na wanke hannu na shiga. Bai ce ga inda za mu ba, ni kuma ban tambaya ba. Muka bar Masana'antu muka hau babban titi, ina karanta duk addu'ar da na iya. Da muka doshi wani ofishin 'yan sanda sai ya rage gudu, na fara tunanin wa zai gaya wa matata. Ashe tudun kan titi ne. Ya haye ya wuce.

Shagon bindigogin nan muka koma. Mai shago ya fito da fara'a ya ce izini ya kusa. Ammi ya ce a canza takardun, gajerar yake so. Mai shago ya ce hakan zai mayar da aiki baya, Ammi ya ce ya mayar. Aka sauko da baƙar, ya warware hular bakinta ya duba haƙoran, ya ja sakatar ya mayar, ya kai ta kafaɗa. Ta zauna masa daidai, ni ma na gani. Doguwar tana rataye a bango, bai ɗaga kai ya kalle ta ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

A mota bai tayar da inji nan da nan ba. Ya riƙe sitiyari yana kallon gaba.

"Da ka ce mini la, a'a kawai, da na zage ka. Da na yi kwana biyu ba na gaishe ka, halas. Kana tsammani zan kai ka kurkuku saboda ƙarfe? Ni na ɗauki 'yarka a hannuna kafin kai." Sannan ya ce, "Amma ka aiko mini baƙi. A gaban surukaina. Suka ji cewa ɗan gidana yana tsorona har sai ya nemo masu kare shi daga gare ni."

Na ce, "Ammi, a wurinmu girmamawa ce. Wanda ka raina shi kake faɗa wa a'a da bakinka. Wanda ya fi ƙarfinka, manya kake tura masa."

Kunnensa na dama, mai sauran ji, shi ne a ɓangarena, saboda haka na san ya ji ni sarai. Ya tayar da mota muka koma.

Har gobe ban yarda na yi laifi ba. Abin da aka koya mini na yi, kuma da za a mayar da ni ranar, ban san ko bakina zai iya furta kalmar nan a gabansa ba. Shi ma abin da aka koya masa ya ji. Na yi shekaru ina gyara masa injuna, na san ƙarar kowanne, amma ban san wannan a kansa ba.

Saura kwana kaɗan iƙama ta mutu, ina kan makharaɗa, wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙon hukuma ne: an sabunta, ni da matata da 'yarmu. Na karanta na sake karantawa. Na kira matata na ce ta mayar da kayan inda suke. Yarinyar za ta gama karatunta, kuma ta gama.

Sai na tsaya ina jiran a kira ni ofis. Ba a kira ni ba. Can shugaban ma'aikata, wani ɗan Sudan, ya zo ya ce Ammi ya ce a gaya mini an sabunta, kuma akwai ƙarfen wata tanka da ake so kafin azahar. Daga ranar haka muka koma. Idan yana da magana sai ya aiko, ko da ina tsaye taku kaɗan daga gare shi. Da ya dawo daga farauta a sanyin nan, ɗan Sudan ɗin ne ya kawo mini kason namana a leda, ya ce an ce a gaya mini bindigar ta yi kyau, kunnen bai ƙara lalacewa ba.

Na karɓa na ce a yi mini godiya. Ta gilashin ofis ina hango shi ya ɗauko butar gahawa, ya zuba kofi ɗaya, ya mayar da butar wurinta.